Yadda Ake Ɗaure Notin Giyar Otomatik, Bisa Koyarwar Oga Raphael

Ka bi matakan nan, na yi maka alkawari sunanka zai zaga Sabon Gari cikin mako guda. Shaidata Oga Raphael, bakanike a Dogarawa. Malama Edith, malamar firamare a Samaru, ta kawo masa motarta, giyar na fizga, ta ce, "Raphael, ɗana, ran Asabar motar nan za ta kai Diana coci. Auren 'yar autata ne." Ya bugi ƙirji ya ce, "Mama, je ki sayi balan-balan."

1. Raina littafi

Masu ƙera mota sun rubuta ƙarfin da kowane noti ke so, har da sifana mai awo da ke yin ƙas idan ɗauri ya kai. Kada ka kula. Da maƙwabcinsa Collins ya miƙo masa irinta, Raphael ya nuna damtsensa ya ce, "Ga ma'aunina. Shekara ashirin bai taɓa neman batir ba."

2. Haɗa kan notuna

Wasu dogaye ne, wasu gajeru, kowanne da raminsa. Wannan wariya ce. Zuba su a gwangwani ɗaya, ka sa wanda hannunka ya fara taɓawa. Ramin ma kada ka goge. Yashin Zariya ai albarka ne.

3. Kada ka fara da yatsa

Masu tsoro ke murza noti da yatsa don su ji ko ya hau zarensa. Kai sa sifana kai tsaye. In ya ƙi shiga, taurin kai ne, kuma ka san maganinsa.

4. Bi layi

Wai a ɗaura wannan kaɗan, a tsallaka na daura da shi, a zagayo sau biyu ko uku don murfin kaskon man giya ya zauna daidai. Wa ke da wannan lokacin? Raphael ya tamke na farko har ƙarshe, ya bi sauran a jere. Murfin kaskon mai ya ɗan ɗaga baki ta gefe guda. Ya ce iska yake sha.

5. Ƙara bututu

Jikin giya alminiyam ne, mai laushi, don haka zura wa sifana bututu ka hau da ƙafa. Raphael ya hau, ya ji noti ya yi tauri, sai kuma ya saki yana juyawa kamar fanka. Ya waiga, ba mai kallo. Ya shafe wurin da gam, ya jefa notuna biyun da suka rage a aljihu. Masu ƙera mota dama almubazzarai ne.

6. Karɓi yabo

Ran Asabar mota ta bar Samaru da balan-balan, tana ɗigar jan mai a titi. A Kwangila ta yi gunji ta tsaya cak. Diana ta tattare farar riga ta shiga keke napep tana kuka, kwalli ya zubo har haɓa. Ango ya yi awa guda a tsaye gaban fasto.

Malama Edith ba ta zagi kowa ba. Ran Litinin ta iso gareji da 'yan zumuntar mata talatin, cikin anko, da tulunan kiɗa. Suka zauna a kan tayoyi.

"Mama, laifin man giya ne," in ji Raphael.

"Na ji, ɗana. Sauke giyar ka gyara. Mu addu'a muka zo taya ka."

Kwana uku suna waƙar tuba da sunansa a ciki, masu kawo gyara na juyawa daga bakin hanya. Yana ƙarƙashin mota ya gane muryar mai ba da waƙar. Matarsa ce.

Gargaɗi

In motar mutane ta tsaya a hanya, in amarya ta hau keke, in ka jiyo tulu na tahowa ta layinku, kada ka ambaci sunana. Ni ko tayar keke ban taɓa kwancewa ba.