Ɗa Ɗaya Na Haifa, Kun Mai Da Shi Biyu

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Sashen Barci na babban asibitin da aka tura mu a birni,

Bayan gaisuwa da fatan kana samun barcinka lafiya. Mu a Ruwan Bago wata takwas ke nan sai dai mu ji labarinsa.

Ranka ya daɗe, ɗana na fari direba ne, yana kai gyaɗa kasuwar Karaye. Barci ba ya ɗaukarsa. In ya ɗauke shi kuma, sai minshari, sai numfashi ya tsaya har matarsa Mas'uda ta girgiza shi. Ga godiyata.

Na ɗaya. Ranar da na kawo shi, yana gyangyaɗi a benci, ma'aikacinku ya tambaye ni sunansa a bainar jama'a. Shi ba uwa ce ta haife shi ba? Ina aka taɓa jin mace mai tarbiyya ta kama sunan ɗan fari? Na ce Mai Mota, yadda nake kiransa, ya rubuta. Da ɗan nawa ya koma tare da matarsa, aka buɗe masa wani fayil da sunan yanka. Madalla, kun ƙara mini ɗa ba naƙuda.

Na biyu. Likitan Mai Mota ya rubuta ƙwayar barci. Likitan ɗaya ɗan nawa ya ce kada ya kusance ta, numfashi na iya tafiya bai dawo ba. Ofisoshinsu ƙofa na kallon ƙofa. Gaba suke yi ne? A tuna musu ba ta halatta ta wuce kwana uku.

Na uku. Kun ba shi na'urar hura iska a hanci, kun ce da ya yi barci za ta gyara komai. Wanda ya kasa barci hancinsa a sake, da takunkumi zai iya? Zancen wutar da za ta tayar da ita kuwa, na yafe muku.

Ranar Talata da rana tsaka, barcin da ya ƙi zuwa a gado ya same shi a sitiyari. Motar ta faɗa gonar wani Malam Halliru a Yammedi. Wannan karon dawa ce ta kwanta.

Shekara talatin da huɗu bakina bai furta ba, hannuna bai rubuta ba. Yau kun yi nasara: Yusha'u. Sunansa Yusha'u Sulle. A haɗa fayil ɗin, a zaunar da likitocin a ɗaki ɗaya. Kunyata kun riga kun karɓe, ku bar mini ɗan.

Taka mai biyayya, gwiwa biyu a ƙasa,
Turai Sulle, Ruwan Bago.