Yadda Za Ka Hana Nasrin Mahaifiyarka Yin Fure

Iyayi ciwo ne, kuma likita ba ya maganinsa. In kana fama da shi, zo in nuna maka inda za ka sauke shi. Bi matakan nan, na yi maka alkawari nasrin gidanku, 'yar bishiyar ƙayar nan mai farin fure sau ɗaya tak a shekara, wanda ake turarawa a tatsi ruwan ƙamshi, ba za ta fid da ko ƙwaya ɗaya ba. Ban yi boko ba, amma shekara arba'in katanga ɗaya ce tsakanina da lambun Inna Bayya a nan Zagwan ta ƙasar Tunisiya, kuma a idona ɗanta Lutfi ya gwada dabarar nan, ta ci.

1. Jira mai lambu ta yi tafiya

Inna Bayya ta tafi Tunis a yi mata aikin gwiwa, za ta yi wata huɗu gidan 'yarta. Ta miƙa wa Lutfi makulli a gaban dangi, ta ce, "In ka iya riƙon nasrin nan, lambun naka ne bayan raina. Ruwa kawai, ran Juma'a. Kada ka taɓa ta."

Kai ma ka ce, "To, Inna." Cewa "to" bai taɓa karya wuyan kowa ba.

2. Yi mata aski a tsakiyar sanyi

A Janairu ake sare rassan inabi, saboda haka ita ma ka sare ta. Bishiya ai bishiya ce. Tsofaffi za su ce nasri a tsohon reshe take ajiye furen baɗi, sai ta gama fure ake rage ta. Bar su, me suka sani? Ɗauko almakashin lantarki, ka daidaita ta kusurwa huɗu, irin shingen otal ɗin da kake aiki a Hammamet.

3. In tsoho ya leƙo ta katanga, ba shi amsa

Na ce, "Kai Lutfi, bishiya kake gyarawa ko akwati kake sassaƙawa?"

Ya ce, "Baba Shadli, karen bana shi ke maganin zomon bana. A waya na gani."

Na ce, "Wayar ta taɓa shanshana nasri?"

Ya ce, "Shayinka zai huce, Baba."

Na koma na sha abina. Wanda ya ƙi ji ba ya ƙi gani ba.

4. Ɗura mata takin zamani

Mahaifiyarka da kwando ɗaya na kashin tumaki take shekara. Talauci ne. Kai zuba buhu guda. Nasrin za ta yi ganye kore shar, har maƙwabta su zo kallo. Ai dama ganye ake turarawa.

5. In Afrilu ta zo, gyara muryarka

Kowane lambu a unguwa ya yi fari, mata na tsinke fure da sassafe, tukwanen tagulla na kan wuta, ruwan nasri na ɗiga cikin kwalabe. Naku kuwa ganye. In tsohuwa ta bugo waya, ka ce, "Fure har ya yi mana yawa, Inna, Dalanda ta turara shi tas."

Matarka Dalanda za ta ce, "Ni dai cire sunana a wannan tafiyar." Kada ka kula ta. Sayo ruwan wardi na kanti, irin na shagon aski, ka ɗura a kwalaben tsohuwa, ka toshe.

6. Bari ta buɗe kwalbar a gaban baƙi

Inna Bayya ta dawo ana saura kwana uku Sallah, da sanda, ba ta iya sauka lambu. Ta tara matan dangi kwaɓin kaak, alkakinmu na Sallah, wanda ba ya yiwuwa sai da ruwan nasri. Ta cire murfi, ta kai hanci sau ɗaya.

Ta ce, "Lutfi, wane aski aka yi da turaren nan?"

Ya ce, "Inna, yanayi ne ya canza."

Ta ce, "A gidana kaɗai ya canza? Ku kama ni."

Mata biyu suka riƙe ta har lambu. Ta daɗe tana kallon koren akwatin nan da uwarta ta dasa. Ba ta yi kuka ba, ba ta yi zagi ba. Hannu kawai ta miƙa, ya sa mata makulli, ta juya ta ba ƙaninsa Anwar.

Ga abin da Lutfi ya kwasa: kwalba goma sha biyu da ake samu duk shekara, bana ko cokali babu. Kaak ɗin Sallah sai a gidan maƙwabta aka roƙo ruwansa. Lambu mai zaitun tara da rijiya ya koma hannun Anwar. A gidan shayi kuma ba mai kiransa Lutfi, sai Wanzami.

In ka bi matakan nan aka karɓe maka makulli, kada ka ƙwanƙwasa mini ƙofa. Ni hanya na kwatanta, ƙafa taka ce.