Tocilar Attahir a Bakin Rakiya

"Lafiya lau, sai gajiyar mota. Ina aiki, bawan gidanmu? Har yanzu gwamnati ba ta gano ka ba?"

"Ta gano ni, shi ya sa ta ajiye ni nan ina leƙa bakin tsofaffi. Zauna kafin ki faɗi."

Rakiya ke nan da taubashinta Attahir, majo, wato ma'aikacin jinya, a ɗan asibitin Belbeji, ita ɗiyar namiji, shi ɗan mace. Masaƙiyar tabarma ce, kuma duk garinsu Tarka an san da haƙoranta na gaba take tsaga kaba. Da su take ciyar da 'ya'ya huɗu tun rasuwar mijinta. Wata biyu da suka wuce ta biyo ran kasuwa don ta tsokane shi, bakinta ya suɓuce ta ce ruwan randa na sa haƙorinta zogi. Shi ke nan fa, mutumin ya tsare ta, ya sa ta goge jan fure da goro da ta shekara ashirin tana ado da shi, ya kafa 'yar tocila a bayan haƙoran. Haske ya ratsa su tas, in ban da guda ɗaya da ya nuna baƙin ɗigo kamar ƙwayar gero. Ya tura ta Damagaram aka cike shi. Yau ta dawo ya sake dubawa, kuma wallahi tsoro take ji, don likitan can ya ce ruɓar takan kama na kusa.

"Buɗe."

"In buɗe me? Wancan karon ka raba ni da jan bakina. Matan Tarka sai tambayata suke ko takaba na sake shiga."

"Da na ƙyale ki, da yanzu kunu da safe, kunu da rana, kina tsaga kaba da dasashi."

"Ji mai magana. Kai da sai ka rufe ido kake yi wa mutane allura? Tocilar nan ma ai ta neman kunama ce a ɗaki."

"Na ko same ta, a bakinki. Dama dangi sun daɗe suna faɗa."

"Gwaggo dai ta haifa mana aiki. Haƙori ba rami, ba kumburi, ka tashi ka ce ya ruɓe. Ni na ɗauka hassada ce."

"Hassadar me? Haƙoran da ke riga ki shiga gida? Sai sun gama sallama kike isowa."

"Su suka saƙa tabarmar da aka ɗaura maka aure a kai, butulu."

"Shi ya sa ta yi ta cizon baƙi. Buɗe, na ce."

Ya tura ƙyauren taga ɗakin ya yi inuwa. Nan Rakiya ta buɗe baki. Ta ɗaga kai, ta ji sanyin ɗan madubi a leɓenta, ta tuna innarta da haƙora suka zube mata tun ba ta tsufa ba, ta ajiye saƙa ta koma jiran abin da za a ba ta. Attahir ya bi su da haske ɗaya bayan ɗaya, ga shi da nawa kamar da gangan.

"Hmm," in ji shi.

"Mene ne?"

"Na ga abu."

Hannunta ya damƙe bakin kujera.

"Guntun kilishi. Na wa kika sata a tasha?"

"Attahir, don Allah."

Ya kashe tocilar. "Tas suke, Rakiya. Wanda aka cike ya zauna daram, na kusa da shi ko inuwa babu. Ki dai bar fure, ki riƙe asawaki."

Daɗi ya cika ta, ta sa gefen mayafi ta share ido.

"Hasken ne ya shiga idonki?"

"Shi ne." Ta ja numfashi. "Na gode, ɗan gwaggo. Abincin 'ya'yana ka tsare."

Attahir ya rasa inda zai sa tocilar, ya sa ta aljihu ya fitar. "Sake faɗa in kira shaidu."

"Sau ɗaya ake gode wa bawa, kada ya lalace." Ta yi dariya, ta turo masa naɗin tabarma da ƙafa. "Ungo. Ka shimfiɗa wa masu jiranka a waje, sun gaji da zaman ƙasa."