Ranar da Guntu Ya Tsaya Mini

Ba zan taɓa mantawa da wata Asabar ba, kuma ko na so in manta mutanen wajen Dudunni ba za su bar ni ba. Likita ne ya ja mini. Ya auna jinina a Katsina ya ce zaman ofis zai kashe ni, in riƙa tattaki. Ni kuwa da ma na saba kallon mutane a waya suna ratsa gonaki da jaka a baya, kare na biye da su. Sai na tuna kawuna, Kawu Sule, yana cikin waɗanda suka fara gwada noman inabi a bakin rafi, kuma yana da kare. Na ce to, ga lafiya ga hotuna.

Da hantsi ɗan acaɓa ya ɗauko ni daga Kankia ya sauke ni gidan Kawu, wajen Dudunni. Na sha kayan motsa jiki masu sheƙi da farin kambas da baƙin gilashi (ban taɓa gudu a cikinsu ba, sai dai zuwa sayen burodi). Kawu ya dube ni sama da ƙasa. Yana shirin tafiya kasuwa ne, sai ya kira karensa, wani ja mai guntuwar wutsiya da ake ce wa Guntu. Ya gutsuro ɗumamen tuwo ya miƙo mini.

"Ba shi da hannunka, shi san ƙamshinka. Kuma duk inda za ka, ka tahi da shi kusa. Inda ya tsaya ka tsaya."

Na ce to, Kawu. Yana juya baya na jefar da tuwon a ƙasa na goge yatsuna. Ni kare nake so a cikin hoto, ba a jikina ba. Guntu ya kalli tuwon, ya kalle ni, ya ci, ya shige gaba.

Da farko tafiyar ta yi daɗi. Inabin ya hau rumfunan waya, 'ya'yan sun sauko curi-curi, an rataya tsummoki da tsofaffin kwanoni don korar tsuntsaye. Duk mai ban-ruwan da muka wuce sai ya ɗago ya ce, "A'a, Guntu, ina zuwa?" sannan ya amsa sallamata. Abin ya ɗan sosa mini rai, amma na share.

Can muka kai wani kwari, inda lambunan su Kawu suka ƙare, na wani ƙauye suka fara a tsallake. Guntu ya ja ya tsaya. Na wuce shi, ya sha gabana. Na sake kaucewa, sai kawai ya cafki ƙafar wandona ya ja baya. Da na ga miyau a sabon wando, raina ya ɓaci. Na ɗauki hoge na jefe shi, na same shi a haƙarƙari. Ya yi 'yar ƙara ya koma nesa. Na tsallaka ni kaɗai, ina jin kaina wani jarumi, na ci gaba da ɗaukar hoto: hanya, rijiya, injin ban-ruwa, garken shanu, har da bayan gidajen ƙauyen.

"Kai! Tsaya nan!"

Kafin in juyo an kewaye ni. 'Yan sintiri ne, da gora da adda, ɗaya da bindigar toka. Babbansu wani dattijo ne mai furfura a gemu, suna ce masa Baba Audi. Ya miƙo hannu, na ba shi wayar ba musu. Ya shiga duba hotunan ɗaya bayan ɗaya, fuskarsa tana ƙara ɗaurewa, sai a lokacin na ga abin da idonsa ke gani. Baƙo, da baƙin gilashi, shi kaɗai, yana ɗaukar hanyoyin shiga gari da inda shanu ke kwana. Kowa ya san irin mutanen da ke wannan aikin a ƙasarmu yanzu, kuma kowa ya san abin da ake yi musu in an kama su.

"Wa ya aiko ka?"

"Likita," na ce. (Allah ya sani gaskiya na faɗa, amma ban taɓa faɗar gaskiyar da ta yi kama da rainin hankali irin wannan ba.)

Wani saurayi ya matso da igiya. Mutane suka fara taruwa, mata na leƙe ta kan danga, na ji wata murya tana cewa a ɗaure shi tukuna. Na shiga rantsuwa cewa ni ɗan ƙanwar Sule mai inabi ne. Aka kira lambar Kawu, ba ta shiga ba.

"Kowa na iya riƙe sunan Sule," in ji Baba Audi. "Mun yi da su Sule, baƙo ba shi tsallako kwarin nan sai da ɗan rakiya. In Sule bai samu zuwa ba, karenshi shika haɗo mutum da shi, mu gani mu sani. Ina naka ɗan rakiyar?"

Na waiga. Ga Guntu can a bakin kwari, zaune, yana kallonmu kamar wanda ya zo kallon dambe. Na nuna shi da hannu.

"Lalle Guntu ne," in ji dattijon. "To kira shi. Ba shi zuwa wurin wanda bai sani ba. In ya zo, kai namu ne. In bai zo ba, ka san sauran."

Na gyara murya na ce, "Guntu!" Ko kunne bai motsa ba. Na yi fito, bakina ya bushe, iska kawai ta fita. Na tafa hannu. Kare ya yi hamma ya juyar da kai. Mai igiya ya kama gwiwar hannuna. Na tuna matata da na ce wa zan dawo kafin la'asar.

Sai na tuna da kilishin da na saya a tasha. Na roƙi a bar ni in buɗe jaka. Na jefa yanki ɗaya wajensa, ya faɗi a tsakani, Guntu ya kalle shi bai taso ba. A nan maganar Kawu ta dawo mini. Na durƙusa a cikin taɓon ban-ruwa, gwiwa biyu, da farin kambas ɗina da komai, na miƙa kilishi a tafin hannu. Kuma da bakin nan nawa, a gaban gari guda, na ce:

"Guntu, don girman Allah ka yi haƙuri. Na yi kuskure. Ka rufa mini asiri."

Ya tashi. Ya yi miƙa. Ya tako a hankali kamar mai zuwa karɓar gaisuwa, ya shinshina hannun da ya jefe shi, ya daɗe yana shawara. Sannan ya ɗauki kilishin, ya lashe tafin hannuna, ya ɗago ya lashe ni daga haɓa har goshi, gilashina ya faɗi a taɓo. Ni da na yi faɗa kan miyau a ƙafar wando, wallahi ban taɓa jin daɗin wani abu a fuskata kamar wannan ba.

Dariyar da ta ɓarke, har mai bindiga sai da ya dafa itace. Baba Audi ya sa na goge hotunan a gabansa, ya miƙo mini wayar yana share hawaye.

"Tashi, ɗana. Ka yi sa'ar mai gida mai haƙuri."

Guntu ya sa ni gaba har gida, ni a baya kamar ɗan aike. Labari kuwa ya riga mu isa. Kawu bai yi mini faɗa ba, tambaya ɗaya ya yi: "Da hannunka ka ba shi tuwon?" Na sunkuyar da kai.

Yanzu duk sanda na sauka a yankin, ba mai kiran sunana, sai dai in ji ana cewa ga yaron Guntu nan ya zo. Jinin ma ranar ya fi kullum hawa. Abin da na koya shi ne, in aka haɗa ka da ɗan rakiya a garin da ba a san ka ba, ka girmama shi ko da ƙafa huɗu yake tafiya. Har yau ba na zuwa wajen Kawu sai da kilishi, kuma kafin in gaida shi, sai na fara gaida mai gidana.