Hambali Mai Caji da Masu Sauraronsa

Wani mutum ne a bakin tasharmu, Hambali Mai Caji. Shagonsa na cajin waya manne yake da nawa na ɗinki, bango ɗaya ya raba mu. To in dai cika baki ake magana, Hambali ba shi da na biyu. Mutum ne da in ya sha shayi da biredi zai ce maka yanzu ya taso daga liyafa. In ya gaisa da direban wani babban mutum, gobe za ka ji wai sun yi ganawar sirri da maigidan. Shekara shida muna maƙwabtaka, wallahi ban taɓa jin ya ce bai san wani abu ba.

Ana nan ana nan sai ya tashi da wata sabuwa, wai ya buɗe fodkas. Wanda bai sani ba, shiri ne irin na rediyo, sai dai a waya ake saka shi, mutum ya saurara lokacin da ya ga dama. Ya raɗa masa suna Zauren Hambali. Ya sayo makirfo na gwanjo, ya bi masu shayi ya tattaro kiret ɗin ƙwai ya liƙe bangon shago, wai don kada murya ta yi amsa-kuwwa. Kullum da sassafe, kafin masu caji su fara zuwa, zai zauna ya yi ta zuba. Siyasa, ƙwallo, tarbiyyar yara, farashin masara, har maganin sauro, babu wanda ba gwani ba ne a kai. Ni da nake jin sa ta bango ni na fi kowa shan wuya.

Wata guda cur, masu sauraro bakwai. A cikin bakwai ɗin akwai shi kansa, akwai matarsa, akwai ni da ya tsare a bakin keken ɗinki sai da na danna.

Sai ya ce matsalar talla ce. Ya buga takardu da ƙaton hotonsa, ya ɗaga yatsa sama ya zare ido, ya bi keke-napep yana mannawa. Ya addabi duk wani guruf na wasaf da yake ciki, safe da yamma, har sai da ƙanin mahaifinsa ya cire shi daga guruf ɗin dangi. Ranar wani ɗaurin aure, ana shafa fatiha ya fizge lasifika daga hannun sanƙira, ya ce jama'a kada a manta da Zauren Hambali. Aka yi ta Allah-wadai. Duk wannan haƙilo, bakwai ta koma tara. Bayan kwana biyu ta dawo takwas, don matarsa ta fice, ta ce ita a gida ma surutun ya ishe ta.

Da wani ne, da ya haƙura. Amma gwano ba ya jin warin jikinsa.

Kun san garinmu wuta ba ta zama, sai ta leƙo ta koma. Don haka kowa wajen Hambali yake kai waya. Yana da janareta, yana da kanta tun daga ƙasa har rufi, soket a jere a jere, kowace waya da lambarta. Ranar da babu ciniki zai tara waya ɗari da wani abu, ranar kasuwa kuwa, in mutanen ƙauye suka shigo, har ɗari uku. Rannan yana zaune yana kallon wayoyin nan sai shaiɗan ya raɗa masa a kunne.

Washegari ya fara gaya wa masu kawo caji cewa ya kawo sabuwar na'ura daga Legas, wadda sai an buɗe waya batir yake shan wuta sosai. Wanda ya bar tasa a kulle, rabin caji zai samu, kada ya ce ba a gaya masa ba. Bayin Allah suka yarda. Wannan ya faɗi lambar sirrinsa, wancan ya zana masa yadda ake jan layi. Da mutum ya juya baya, sai Hambali ya haɗa wayar da 'yar na'urar intanet ɗinsa, don kada data ta ƙare asiri ya tonu. Ya shiga manhaja, ya danna bin shirinsa, ya danna ƙararrawar sanarwa, ya kunna shirin ya kashe murya, ya mayar kan kanta. Waya tana shan wuta tana sauraron Hambali.

Ni da idona na kama shi. Na shiga karɓar tawa na tarar da ita a hannunsa yana latse-latse. Na ce masa ya ji tsoron Allah, wannan ai cin amana ne. Ya dube ni sama da ƙasa, ya ce wannan shi ake kira dabarun tallata shiri, kuma ba ilimin tela ba ne, in koma in ji da zare da allura. Raina ya ɓaci ƙwarai. Na karɓi wayata na ce masa kowa ya ɗebo da zafi bakinsa, tun daga ranar kuma a masallaci nake caji.

Cikin wata biyu mabiya suka haura dubu. Zo ku ga tafiya. Hambali ya daina taka ƙasa kamar kowa, sai ya riƙa yi da ƙyar, hula a karkace. Ya ce a Jidda ana jin sa, a Kumasi ana jin sa, a Yamai ma akwai wata majalisa da ba ta cin abincin rana sai an kunna shi. Masu sha'awar harkar suka fara zuwa neman shawara. Sai ya harɗe ƙafa ya ce musu sirrin abu uku ne, murya mai daɗi da ilimi da haƙuri, kuma na farkon baiwa ce, ba kowa Allah yake ba wa ba. Ina jin sa ta bango, har allura na taɓa soka wa kaina don takaici.

Kwatsam sai aka ji wani gidan rediyo mai zaman kansa a babban birnin jiha yana neman sabon mai gabatarwa, rabin awa duk ranar Asabar, kuma sun fi son wanda ya riga ya tara jama'arsa. Abin nema ya samu. Hambali ya ɗauki hoton alƙaluman mabiyansa ya tura. Bayan mako guda aka kira shi, aka ce shugabar sashen shirye-shirye, Hajiya Larai, za ta zo da kanta ta ga inda yake aiki. In abin ya yi mata, filin nasa ne.

Kafin la'asar babu wanda bai ji ba, daga tasha har mahauta. Ya kawo mini shadda in ɗinka masa babbar riga cikin kwana uku. Ya ce da ya shiga rediyo zai rufe shagon caji, ƙaramar sana'a ba ta dace da mai suna ba. Har ya yi mini alƙawarin zai riƙa gaishe ni a shiri lokaci-lokaci, in na gyara halina.

Ranar da za ta zo ta faɗo ranar kasuwa. Kantar caji ta cika maƙil, babu soket ɗin da ba waya. Hambali ya ga in baƙuwa ta tarar da wannan tarkace mutuncinsa zai zube. Ya sauke allon da aka rubuta ANA CAJI, ya ɗauko labulen ɗakin matarsa ya rufe kantar ruf, ya ajiye kujera biyu da makirfo a gaba, ya fesa turare har ni sai da na yi atishawa. Masu zuwa karɓar waya kuma ya ce su jira a waje, yana da babbar baƙuwa. Kafin azahar ƙofar shago ta cika da mutane, kowa yana ƙunƙuni. Wanda ya fi kowa huci shi ne Mamuda mahauci, ƙato ne mai gajen haƙuri, yana so ya kira wanda zai kawo masa shanu, waya tana bayan labule.

Hajiya Larai ta iso. 'Yar ƙaramar mace ce mai tabarau, ba ta da yawan magana, amma in ta dube ka sai ka ji kamar ta karanta abin da ke aljihunka. Ni kuwa na ajiye ɗinki na zo na tsaya a bakin ƙofa, don irin wannan kallo ba a ba ka labari.

Hambali ya buɗe famfo. Jidda, Kumasi, Yamai, har ya ƙaro Kartum. Ta bar shi sai da ya gaji don kansa. Sannan ta ce ta duba shirin nasa, alƙaluma sun yi kyau, sai dai abu ɗaya ya ɗaure mata kai. Mutum dubu da ɗoriya, amma babu ko ɗaya da ya taɓa rubuta sannu, babu ma wanda ya zage shi. Ta ce ita shekararta ashirin a aikin nan, ba ta taɓa ganin shirin da mutanenmu suke ji ba su tanka ba.

Hambali ko gezau. Ya ce ai nasa masu sauraron manyan mutane ne masu kamun kai, ba 'yan surutu ba. Ya ce amma fa jiran sa suke kamar ruwan farko, da ya saki sabon shiri, kafin ta ƙifta ido ɗaruruwa sun samu.

Ta gyara tabarau. "To gani ya kori ji, Malam Hambali. Saki ɗaya yanzu mu gani."

Ga inda gizo yake saƙar. Tun da ya fara harkar nan, da sassafe yake sakin shiri, lokacin kanta wayam. Muryar shirin yake kashewa a wayoyin mutane, ƙarar sanarwa kuwa daban take, bai taɓa tunanin ta ba. Ya zaro wayarsa yana murmushi, ya ɗaga ta yadda mutanen waje za su gani, ya danna.



Sai tin, daga bayan labule. Sai tin-tin. Sai ƙwarrr. Sai kilin-kilin, ɗiiit, gwaf. Wata ta yi carar zakara, wata kukan jariri, wata ta saki kiɗan kalangu. Waɗanda aka sa wa jijjiga suka kama zirrr a kan katako har kanta tana rawa. Waya wajen ɗari uku a lokaci guda. Wata akuya da ke kwance a gindin bango ta zabura ta yanka a guje.

Gumi ya keto wa Hambali ta ƙarƙashin hula. Ya ce janareta ne, wani lokaci yakan yi haka in mai ya yi ƙasa. Hajiya Larai ta ce ita dai ba ta taɓa jin janareta mai cara ba.

Mamuda kuwa ya ji kalangun wayarsa, ya ɗauka mai shanu ne yake kira. Ya ture ni, ya ture na gabana, ya kutsa ciki ya finciko labule, fiii, har da ƙusoshin. Ga wayoyi nan tun daga ƙasa har rufi, kowace fuskarta a haske, kowace ɗauke da hoton Hambali ya ɗaga yatsa ya zare ido, an rubuta sabon shiri ya fito.

Mutanen waje suka turo kai. Aka fara gane abin da ake ciki. Wani ya ce ashe wannan ce sabuwar na'urar Legas. Wata mai sayar da awara ta ce ita dama ta rasa dalilin da wannan fuskar take bin ta har cikin ɗaki. Ni kuwa dariya ce ta ci ƙarfina, na riƙe ƙofa kada in faɗi.

Hajiya Larai ta miƙe ta rataya jakarta. Ta ƙare wa kantar kallo daga sama har ƙasa, ta ce ashe Jidda da Kumasi duk a nan suke. Ta ce gidansu masu kunne yake yi wa shiri. Amma don kada a ce ta yi masa rashin adalci, ta juya wajen jama'a ta tambaya ko akwai mutum ɗaya, ɗaya tak, da ya san Zauren Hambali.

Hambali yana bin fuskoki da ido, babbar riga ta jiƙe sharkaf. Can sai Mamuda ya ɗaga hannu, waya a ɗaya hannun. Hambali ya yi ajiyar zuciya, ya nuna shi da sauri, ya ce Hajiya ga ɗaya nan, tsohon mai sauraro ne, a tambaye shi.

Mamuda ya dubi hoton, ya dubi Hambali.

"Hajiya, ni ban taɓa jin muryarsa a ciki ba. Hoton nan dai yake fito mini kullum, na ɗauka tallan maganin basir ne. Har na ce wa surukina ya zo ya same shi, don abin ya daɗe yana damun sa."