Yadin Jariri a Tutar Ƙonawa

Makon da mijin Inna ya rasu, igiyar takalminta ta tsinke daidai ƙofar shagon Tela. Ya cire nasa ya tura mata ta tsaya a kai, ya zauna bakin dakali da babbar allura ya ɗinke nata, ya sa haƙori ya yanke zaren. A iya saninta, ranar ce kaɗai ya gan ta bai tsokane ta ba. Shi ɗan gwaggonta ne, ita 'yar kawunsa, taubasai ke nan tun suna rarrafe. Daga baya ɗansa ya auri 'yarta, suka koma ƙasar maƙwabta inda yaron yake aikin walda.

Yau wata biyu ke nan da shugaban nan da na can suka ɓata. An kori jakadu, an hana mutane tsallakawa, an yanke layin waya. Motocin kaya kaɗai aka bari, su ma daga magaribar yau za a rufe musu. A bakin wani direba maƙwabcinta Inna ta ji 'yarta ta haihu, namiji. Direban zai tashi bayan la'asar, tafiyar ƙarshe, ya kuma yarda zai kai mata saƙo. Tun kwana goma ta kai wa Tela yadin auduga, fari da shuɗi, ya ɗinka wa jikansu riguna. Da ta idar da azahar sai ta yafa mayafi ta nufi shagon.

"...Lafiya lau, Ministan Waje. Ya ƙasashen duniya? Sun tashi lafiya, ko ka ɓata da wata tun kafin ka wanke baki?"

"A'a, shugabar 'yan adawa! Goge ƙafa kafin ki shigo, nan ofishin gwamnati ne."

"Gwamnatin da ko kujerar baƙo ba ta da ita. Tashi ka ba uwargijiyarka wuri, bawan gidanmu."

"Wa ye bawa? Uwata ce ta goyi ubanki har ya jiƙa mata baya."

"Abin da nake faɗa ke nan. Aikin gadonku ne."

Ya janyo mata benci da ƙafa. Shagon na nan yadda ta san shi: keken ɗinki na ƙafa, almakashi da alli a kan tebur, rediyo rataye a ƙusa an ɗaure murfinta da roba tana ta surutu. Abin da ya ƙaru shi ne tutoci. An ja igiya daga bango zuwa bango an shanya wasu masu sheƙi, ja da kore, suna ɗaukar ido.

"Waɗannan fa? Aure za ka ƙara?"

"Jahilci dai bai yi ba. Tutar sabbin abokanmu ce. Gobe akwai gangamin goyon bayan Shugaba, ni aka ba ɗinkin."

"Allah ya sanya alheri. Ina rigunan jikana?"

"Jikana dai. Ɗan ɗana ne. Ke aro aka ba ki."

"'Yata ce ta sha wuya. Ɗanka me ya yi ban da tsayuwa a bakin ƙofa yana zufa? Ina rigunan?"

"Suna kan hanya."

"Wace hanya? Kun bar wata a buɗe ne?"

Tela ya rage muryar rediyo, ya gyara zama, ya ɗaga yatsa. Inna ta san wannan zaman. Haka yake yi wa masu kawo facin wando har su manta abin da ya kawo su.

"Ke matsalarki ba ki san yadda ake tafiyar da duniya ba. Masu tunanin harkar waje kashi biyu ne. Akwai masu lallashi, akwai masu tsayuwa da ƙafarsu. Shugabanku na da, shekara takwas yana yawo a jirgi yana rusuna wa kowa, ya dawo mana da hotuna. Nawa kuwa sau ɗaya ya buga tebur, duniya ta waiwayo."

"Ta waiwayo ta ga wani yana buga tebur, ta ci gaba da harkarta."

"Maƙwabtan nan sun ba masu zaginmu mafaka! Sun bar sojan baƙi sun kafa sansani a bayan katangarmu. Ke in maƙwabcinki ya ɗaure miki kare a ƙofa, ruwa za ki kai wa karen?"

"Sallama zan je in yi masa. Ba zan toshe ƙofata da bulo in zauna a ciki ina cewa na yi maganinsa ba."

"Mun yi manyan abokai yanzu. Masu jiragen yaƙi, masu masana'antu."

"A wace unguwa suke?"

"Unguwa! Awa tara ce a jirgin sama."

"To, ranar da gobara ta kama rufinka, sai ka jira su taso da bokiti."

"Ai ke ba ra'ayi gare ki ba. Jam'iyyar marigayi kika gada, kamar tabarma."

"Na gada, na kuma wanke ta. Kai taka a rediyo ka tsinta. In batir ya mutu, ra'ayinka ya mutu."

A ranta Inna ta san akwai gaskiya a zancensa. Shugaban da ya sauka bai taɓa kwanta mata ba. Murmushinsa ya yi yawa, kuma a zamaninsa ne asibitin unguwa ya koma ɗakin ajiyar kujeru. Amma a zamaninsa tana hawa mota da safe, ta yi la'asar a ɗakin 'yarta. Ba ta faɗi na farkon ba, don kada Tela ya samu sanda.

Idonta ya sauka a kan wasu tutoci huɗu da aka ninke a ƙarshen tebur, an ɗora musu dutsen guga. Su ba sa sheƙi. Fari a sama, shuɗi a ƙasa.

"Waɗancan na wa ne?"

"Na maƙwabta. Na ƙonawa ne gobe. Bar su, kada ki ɓata mini ninki."

Ta riga ta kai hannu. Yatsunta suka gane kafin idonta. Sau biyu ta wanke wannan yadin don ya yi laushi, kada ya goge wa jariri fata. Ta buɗe ta sama, ga ɗigon tsatsa nan a gefen farin, inda wayar shanyarta ta taɓa shi. Ta kai hanci, ƙamshin sabulunta ne.

Rediyo na ta magana a kan mutuncin ƙasa. Inna ta miƙa hannu ta kashe ta.

"Ɗan gwaggo."

"Na'am."

"Kayan jikanka za ka cinna wa wuta?"

"Tsaya ki ji. Abin yana da ilimi."

"Ina ji."

"Tutar ɗagawa daban, tutar ƙonawa daban. Ta ɗagawa mai santsi ake yi, ta yi sheƙi a hoto. Amma in ka sa wa mai santsi wuta, narkewa take yi tana ɗiga a hannu. A wancan gangamin, shugaban matasanmu sai da aka naɗe masa yatsa uku. Ta ƙonawa dole auduga, ita ce ke ci da kyau, harshen wuta ya tashi sama."

"Sai aka rasa auduga a duk kasuwa sai tawa."

Tela ya sosa ƙeya. "An rasa ɗin. Na zaga ko'ina."

"Me ya cinye ta?"

"Daga... can ake kawo ta."

"Daga ina? Ɗaga murya, Minista, kunnen adawa ya tsufa."

"Daga maƙwabta! Na ce ƙasa ta ara, in an buɗe hanya in sayo miki wadda ta fi ta."

"In an buɗe hanya me zan yi da ita? Da ƙafata zan je in ga yaron. Yau nake so, direba na ɗaure kaya."

"Ki kai masa mai santsin nan mana. Ja da kore, ya tashi da kishin ƙasa."

"Ya tashi da ƙuraje dai. Miƙo reza."

"Haba 'yar kawu. Me zan ce wa mutanen jam'iyya?"

"Ka ce musu adawa ta yi juyin mulki a shagonka."

"Ki bar mini biyu."

"Reza."

"Ɗaya tak. Don mutuncina."

"Mutuncinka da sai an ƙona rigar jariri zai tsaya, bar shi ya zauna ya huta."

Ya daɗe yana kallon tutocin. Sannan ya jawo aljihun keke, ya ɗauko reza ya karya ta biyu, ya ba ta rabi. Suka zauna benci ɗaya, ita ta kama wannan gefe, shi wancan, suna farke ɗinkin da ya haɗa fari da shuɗi. Ɗinki ne mai kyau, ƙanana-ƙanana, a miƙe. Inna ta lura har kalmasa ya yi wa bakin, abin da za a ƙona cikin minti ɗaya.

"Ko a ɓarna ba ka iya ha'inci ba," ta ce.

"Yabo ne wannan?"

"Tausayi ne."

Da suka gama ya shimfiɗa ƙyallayen a tebur, takwas, kowanne bai wuce tsawon hannu ba. Ya goge su, ya rataya tef a wuya, ya ɗauki alli. Sai bakinsa ya yi abin da ya saba yi shekara arba'in.

"Kawo awo."

Inna ta dube shi.

"Awon wa?"

Allin ya tsaya a sama. Babu yaron da aka haifa a layin nan da Tela bai ɗora wa tef a kafaɗa ba. Yakan ce ko a duhu ya ɗauki jariri zai faɗi faɗin ƙirjinsa. Ya juya tef ɗin a hannu, ya naɗe shi a yatsa, ya warware.

"Direban bai ce komai ba? Babba ne, ƙarami ne?"

"Bai gan shi ba. A tasha ɗanka ya same shi ya faɗa masa, ya juya da gudu."

"In kanku ya ɗauko, sai na ƙara wa wuyan taki guda."

"In cikinku ya ɗauko, yadin ba zai isa ba."

Babu wanda ya yi dariya. A waje wata mota mai lasifika ta wuce tana kiran jama'a gangamin gobe, muryar ta yi nisa ta ɓace. Tela ya sunkuya ya zana 'yar riga a kan farin, da ka. Ya yanka, ya hau keke. Inna na ninke abin da ya gama, tana cire zare da farce. Ya yi biyu na yanzu. Da ya zo kan ta uku sai ta ga ya buɗa alli, ya ƙara faɗi.

"Wannan ta yi masa yawa."

"Ta lokacin zama ce."

Ta gaba ta fi ta. "Ta rarrafe," ya ce, bai ɗago ba. Ya haɗa ƙyalle biyu na ƙarshe, shuɗi da shuɗi, ya zana riga har da aljihu a ƙirji. Inna ta auna ta da ido. Yaron da zai sa wannan ya iya tafiya, ya iya kiran sunan mutane, ya iya tambayar su wane ne ba ya gani.

"Minista, kai da ka ce mako biyu za su kawo kansu suna roƙo?"

"Na faɗa."

"To wannan aljihun fa?"

Keken ya ci gaba da ƙara. Sai da ya kai ƙarshen layi ya yanke zare, sannan ya ce, "Yara na saurin girma."

An kira la'asar yana sa maɓalli na ƙarshe. Ya jera rigunan biyar daga ƙarama zuwa babba, ya naɗe su a takarda, ya ɗaure da ragowar bakin tuta. Ya miƙa mata, amma bai saki ba.

"Shi ke nan, kin kayar da gwamnati," ya ce, ya yi wata 'yar dariya da ba ta wuce maƙogwaro ba. "Gobe sai su ƙona mai santsi, kowa ya ji a yatsunsa."

"Ka dai tsaya daga baya. Yatsun nan na bawana ne, ina da sauran aiki da su."

"Har yanzu ina nan kan bakana, ki sani. Naku bai iya mulki ba."

"Na ji. Sakar mini kaya, direba ba zai jira siyasa ba."

Ya leƙa ƙofa, ya duba hagu da dama kamar mai shirin sata, ya dawo ya rage murya.

"'Yar kawu, ke ce mai yawan sallar nafila. Ni in na ɗaga hannu sai in ji kamar ina cin amanar jam'iyya. Ki roƙa mana Allah ya sassauta zuciyar mutumin nan nawa, ya buɗe hanya tun rigar rarrafe ba ta matse ba. Amma don girman zumunci, kada ki faɗa wa kowa a layin nan ni na sa ki."