Rasuwar Dattijo, Keken Ɗinkin Maman Jacinta

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da ƙafafun da suka wayi gari babu abin takawa, ni Hilda Nehemiah, tela a unguwar Nasarawo, wadda aka fi sani da Maman Jacinta, ina sanar da 'yan uwa da abokan ciniki rasuwar keken ɗinkina, wanda duk layinmu ke kira Dattijo. Ya cika ranar Talata da hantsi, da riga a bakinsa, bai kai ƙarshen ɗinkin ba. Shekararsa hamsin da biyu a gidanmu.

Marigayin ya iso Gombe daga Kaltungo a bayan motar auduga, naɗe da bargo, cikin kayan auren mahaifiyata. Baƙin ƙarfe ne tun daga kai har feda, sai maza uku sun haɗu suke ɗaga shi. Bai taɓa tambaya ko an kawo wuta ba. Abincinsa ɗigon mai ne ranar Asabar. In yana cikin nishaɗi, muryarsa kacaca, kacaca, kacaca, har bakin titi. In ya hau kalmasa mai kauri sai ya ce ƙis, ya tsaya, ya jira a lallaɓa shi da hannu. Aibinsa ɗaya ne, ba ya raga wa zaren banza, a gaban mai shi yake tsinka shi. Shi ya ciyar da mu, shi ya kai mu makaranta, ni da ƙannena, daga baya kuma 'ya'yana.

Aikin da ya yi suna da shi shi ne rigar zumuntar mata ta cocinmu, wadda muke sawa mu duka a biki da suna da ta'aziyya. Mahaifiyata ce ta fitar da yankanta, ta kuma yi mata ɗan aljihu ta ciki a gefen hagu, domin macen da ke buga tulu ko kaɗa caki ba ta da hannun riƙe jaka, ga shi dole ta ajiye kuɗin baikonta, wato abin da za ta bayar a coci, wani wuri. Daga Nasarawo har Arawa, duk macen da kuka ga ta zura yatsu biyu a gefen rigarta lokacin baiko, aikin Dattijo ne a jikinta.

Ciwon ajalinsa ya shigo ne shekara uku da suka wuce, ta ƙofa, da sallamarsa. Sammy, mai fatauci zuwa ƙasashen waje, ɗan wata 'yar zumuntarmu, ya zo gaishe ni, ya juya rigar a hannunsa ya ce, "Mama, wannan ɗinkin ko a can ba su iya shi ba. Ara mini guda in nuna musu Gombe ma akwai hannu." A wurinmu, wanda ya yaba aikinka ya roƙa, ba a hana shi. Kaina ya kumbura. Na ɗauko tawa ta sawa, na wanke, na goge, har na ƙulla masa soyayyiyar gyaɗa ta hanya. Ni da hannuna na yi wa cutar guga, kuma wannan zai ci gaba da cina har ranar da za a rubuta tawa sanarwar.

Bayan wata biyar sai ga riguna dila-dila daga waje a rumfar Sammy, kowace cikin ledarta, a kuɗin da bai kai na yadin da nake saye ba. Wuyan namu ne, hannun namu ne, har maɓallan. Aljihun ma sun kwaikwaya, sai dai a ɗinke yake ruf, baki ne babu ciki, don wanda ya yi shi bai san me ake sawa ba. Madam Nancy, shugabar zumunta, ta zo har shago tana sunkuyar da kai. "Maman Jacinta, ki yi haƙuri, ba ƙin aikinki muka yi ba. Kin ga yadda gari yake." Na gani, don ni ma a garin nake. Ban riƙe ta ba, ban kuma riƙe waɗanda suka ɗinka rigunan ba. Hannun da ya ɗinka riga a wannan kuɗin, aka biya jirgi, aka biya mota, Sammy ya ci riba, ban yi tsammanin ya ci ya ƙoshi ba. Wanda ya ƙoshin ba mu san sunansa ba, shi ma bai san da mu ba.

Tun daga nan Dattijo ya koma ɗan gyara. Mata su sayi rigar a rumfar Sammy, su kawo mana mu farke bakin aljihun mu yi masa ciki. Haka ya ƙare kwanakinsa, yana yi wa kwaikwayon aikinsa hidima, a kan yadin roba mai santsi da ke narkewa in ya ji dutsen guga. Muryarsa ta dushe. Sai ya wuni bai ce kacaca sau goma ba. Ranar Talata, a kan rigar Madam Nancy, ya ce ƙas, feda ta saki ƙarƙashin ƙafata.

An garzaya da shi wurin Malam Ibrahim Khalil, mai gyaran kekunan ɗinki a kasuwa. Ya buɗe cikinsa, ya daɗe yana dubawa, sannan ya goge hannu. "Sai haƙuri, Maman Jacinta. Ƙarfen da ke juya zaren ƙasa ne ya karye, kuma an daina ƙera irinsa tuntuni. Na yanzu cikinsu roba ne, ba don a gyara aka yi su ba, don a sake saye ne. Wannan shi ne na shida da na rufe wa ido bana. In sun ƙare, ni ne na gaba."

Marigayin ya bar almakashi ɗaya da ya tsufa tare da shi, da dutsen guga na gawayi, da gwangwanin maɓallai, da kujerar da ta lotsa daidai zamana. Ya kuma bar ni, mace mai shekara hamsin da ba ta iya wata sana'a ba.

Iyalan mamacin suna jan kunnen jama'a cewa cutar tana yawo, kuma ba ta tambayar coci ko masallaci. Alamarta ta farko shiru ne. Injin saƙar maƙwabciyata Saudatu, wanda ya yi wa rabin jariran unguwar nan hula da safa, yau wata huɗu ke nan lulluɓe da zani. Gudumar mai takalmi na ƙarshen layi sai a wuni ba a ji ta ba. An ce in gemun ɗan uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Ku shafa, sai dai ban san inda za ku samo ruwan ba.

Za a yi jana'iza ranar Asabar da ƙarfe goma na safe a ƙofar shago. Ba za a haƙa kabari ba. Ɗan gwangwan zai zo da sikelinsa ya auna gawar, daga nan a loda ta a tirela zuwa inda ake narka ƙarfe. An ce wani ƙarfen har jirgin ruwa yake hawa. In wata rana kun sayi cokali ya lanƙwashe cikin mako guda, kada ku zage shi, wataƙila Dattijo ne aka dawo mana da shi. Da la'asar za a miƙa makullin shagon ga sabon ɗan haya, mai sayar da kayan dila.

Matan zumunta za su zo zaman makoki cikin rigarsu, kamar yadda aka saba. Ni ma ita zan sa, irin ta cikin leda, wadda na saya a rumfar Sammy, domin tawa ta asali har yau ba ta dawo ba. Mai niyyar ba ni wani abu na gaisuwa ya sa mini a hannu. Aljihun rigata a ɗinke yake, mai yi masa ciki kuwa shi muke makoki.

Allah ya ba mu haƙurin jure wannan rashi, da waɗanda ke tafe.